Wayar intanet ta waifai tana fitar da kira amma ba ta karɓa

Baban 'Yan Biyu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako biyu ke nan. Ina da wayar intanet marar igiya, irin wadda take haɗuwa ta waifai da rautar gida, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, sannan ta yi rajista ta hanyar SIP, wato tsarin haɗa kira ta intanet, da kamfanin da ya ba ni lamba. Na saka sunan asusu da kalmar sirri da adireshin sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke haɗa kira, kamar yadda aka turo mini, kuma allon wayar yana nuna cewa rajista ta yi.

Idan ni na buga, kiran yana shiga lafiya lau. Amma da zarar wayar ta yi 'yan mintuna a ajiye, duk wanda ya neme ni sai a ce masa ba a same ni ba, alhali ga ta a kan tebur a gabana. In na kashe ta na kunna, sai kira ya riƙa shigowa na ɗan lokaci, sannan ta sake yin shiru. Ko da an yi sa'a kiran ya shigo na ɗaga, ba ma gama gaisawa yake yankewa. Na duba tarihin kira na ga guda huɗu a jere, kowanne daƙiƙa 32 cif. Bayan wannan kuma, murya takan tsinke idan na shiga ɗakin da ya fi nisa da rautar.

Haɗin gidan shi ne akwatin kamfanin intanet, sai rautar da na saya na jona masa da igiya. Kamfanin lamba ya ce laifin daga wajena yake, na intanet kuma ya ce layinsu kalau yake. Daga ina ya kamata in fara?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka kawo adadin daƙiƙun nan, domin shi ne ya tona asirin matsalar. A tsarin SIP, idan ka ɗaga kira wayarka tana aika saƙon amincewa, sai ta jira tabbaci daga ɗaya ɓangaren. In tabbacin bai iso ba, takan yi ta maimaita saƙon har tsawon rabin daƙiƙa sau 64, wato daƙiƙa 32, daga nan ta katse kiran da kanta. Saboda haka wayarka lafiyarta ƙalau, kuma kalmar sirrinka daidai take, don da kuskure a cikinta rajistar ma ba za ta yi ba. Tabbacin ne yake ɓacewa a hanya kafin ya shigo gidanka.

Abin da na fi zargi shi ne wani saiti da ake kira SIP ALG, wanda rautoci da yawa suke zuwa da shi a kunne. An yi shi ne don ya gyara adireshin da ke cikin saƙonnin SIP yayin da suke fita, amma sau da dama ɓata su yake yi, musamman idan sabar kamfanin tana yin nata gyaran. Kai kuma kana da na'urori biyu a jere, kowace tana fassara adireshi, ke nan saƙo ɗaya yana iya shan gyara sau biyu. Ka shiga shafin saitin rautarka ka duba adireshin da ta samu daga waje. Idan ya fara da 192.168 ko da 10, ko kuma yana tsakanin 172.16 da 172.31, to lallai NAT biyu gare ka, wato sau biyu ake fassara adireshinka. Ka kashe ALG ɗin a na'urorin biyu, ka sake kunna su, sannan ka sake kunna wayar.

Rashin shigowar kira bayan ta jima a ajiye kuwa, sanadinsa daban ne ko da yake gidansu ɗaya. Lokacin da wayar ta yi rajista ta ƙofar sadarwa mai lamba 5060 a kan UDP, wato ɗaya daga cikin hanyoyin aika saƙo a intanet, rautar tana buɗe wata 'yar hanya ta dawowa, tana kuma rufe ta idan ta ga babu abin da ya bi ta, a wasu na'urorin bayan daƙiƙa 30, a wasu bayan minti biyu ko uku. Ita kuwa wayar, galibi sai bayan daƙiƙa 3600 take sabunta rajista. A tsakanin nan sabar tana turo kira, rautar tana watsar da shi saboda ba ta san mai shi ba, allon wayar kuma yana ci gaba da nuna maka cewa komai daidai ne. Maganinsa shi ne ka kunna saƙon riƙe hanya, wato ɗan saƙon da wayar take aikawa a kai a kai don kada hanyar ta rufe, a saitin asusun wayar, ka sa shi kowace daƙiƙa 20, ka kuma rage wa'adin rajista zuwa daƙiƙa 120 in kamfanin ya yarda. Idan suna karɓar TLS, wato tsarin kulle saƙo, a ƙofa 5061, wannan ya fi mini, domin saƙon a rufe yake, ALG ba ya iya taɓa shi.

Ina roƙonka kada ka bi shawarar da za ka ci karo da ita ta buɗe ƙofa 5060 ga kowa ko saka wayar a DMZ, wato saitin da ke barin na'ura a buɗe ga duk mai shigowa daga intanet. Akwai masu laluben wannan ƙofar dare da rana. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne wayar ta riƙa ƙara da tsakar dare babu kowa a layi, mafi muni kuma a sace asusun a yi ta kiran ƙasashen waje da sunanka. Kuma ka riƙa canja abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na gaba.

Ɗalibar Sadarwa ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana a kan yankewar kira, sai dai ina ganin tsinkewar muryar ba za ta warke da wannan gyaran ba, tunda Malam ya ce a ɗaki mai nisa take faruwa. Kira ba ya cin intanet mai yawa: da tsarin tura murya na G.711 bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba ta kowane ɓangare. Abin da yake buƙata shi ne ƙananan ƙunshin murya guda 50 a kowace daƙiƙa su iso a kan lokaci, domin wanda ya makara ba shi da sauran amfani. Bidiyo yana tara na gaba ya ajiye, shi ya sa za ka iya kallo lafiya a ɗakin da kira yake tsinkewa.

Malam, ka duba ƙarfin sigina a allon bayanan wayar kana tsaye a ɗakin. Don murya ana so kada ya yi ƙasa da -67 dBm, wato -60 ya yi kyau, -75 kuwa ya yi rauni. Wayoyi da dama irin wannan zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, inda rautocin maƙwabta suke cunkushe, saboda haka ka tsayar da rautar a tasha 1 ko 6 ko 11, faɗinta 20 MHz, ka kuma tabbatar WMM yana kunne, shi ne yake ba murya fifiko a iska. Idan wayar tana da saitin tattalin batir na waifai, ka kashe shi na kwana ɗaya ka gani, don shi ma yakan sa a rasa kira.

Baban 'Yan Biyu ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Adireshin wajen rautar tawa ya fara da 192.168, kamar yadda Malam Injiniya ya yi hasashe. Da na kashe ALG a rautata kaɗai babu abin da ya canja, kiran ya sake yankewa a daƙiƙa 32. Sai da na lalubo na akwatin kamfanin, wanda aka ɓoye a ƙarƙashin saitin tsaro, na kashe shi, sannan muka yi minti 11 muna magana da ƙanena ba tare da yankewa ba. Na sa saƙon riƙe hanya a daƙiƙa 20, na bar wayar ta kwana, da safe na kira ta da wayar hannu ta yi ƙara nan take.

Malama, siginar ɗakin -78 ce. Na sauke rautar daga bayan talabijin na ɗora ta a kan kabad a tsakiyar gida, ta koma -64, kuma murya ta gyaru sosai. Abin da ya rage shi ne da daddare, wanda muke magana da shi yakan ce muryata tana rawa, ni kuwa ina jin sa tangaran.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Alhamdu lillahi, Malam. Tunda shi ne yake jin rawar kai ba ka ji, hanyar fita ce take cika, mai yiwuwa a lokacin da wayoyin gidan suke ɗora hotuna da bidiyo a ma'ajiyar intanet. Ƙunshin muryarka yana bin dogon layi a bayan manyan fayiloli kafin ya fita. Ka auna saurin ɗorawa lokacin da kowa ya yi barci, sannan a saitin QoS ko SQM na rautarka, wato saitin tsara fifikon abin da ke fita, ka ƙayyade shi zuwa kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da ka auna, domin layin ya taru a wajenka inda rautar za ta iya gabatar da murya. Ka ware wa wayar adireshi ɗaya na dindindin a saitin DHCP, wato inda rautar take raba wa na'urori adireshi, don dokar fifikon ta riƙa gane ta. Idan kuma kamfanin intanet zai yarda ya mayar da akwatinsa gada kawai, wato ya riƙa wucewa da intanet ba tare da fassara adireshi ba, ka nemi a yi hakan, sai rautarka ta zama ita kaɗai ke fassara adireshi. Ka gwada daren yau a daidai lokacin da muryar ta saba rawa, ka faɗa mana abin da mutumin ya ji.