Yaya zan ƙirga layuka daga tebur biyu da umarnin SQL guda ɗaya?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina kula da rumbun bayanan wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya, kuma da manhajar MySQL muke aiki, wadda ake ba ta umarni da harshen SQL. Muna da tebur uku, wato dalibai, biya da fashi, kuma biyun ƙarshe kowannensu yana ɗauke da lambar ɗalibi a dalibi_id. Shugabar makarantar tana son takarda guda da za ta nuna sunan kowane yaro, da sau nawa aka biya masa kuɗin makaranta, da kwana nawa ya yi fashi. Na haɗa su da LEFT JOIN biyu, na sa COUNT da GROUP BY, amma yaron da aka biya wa sau 3 kuma ya yi fashi kwana 5, sai ya fito da 15 a duka wuraren. Ina matsalar take?

Malam na Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. COUNT bai yi kuskure ba, abin da aka ba shi ne ya ƙirga. Tun da babu wata alaƙa tsakanin biya da fashi sai ta hanyar ɗalibin, kowane layin biya yana haɗuwa da kowane layin fashi na yaron, shi ya sa 3 sau 5 ya ba ka 15. Shawarata ita ce ka ƙirga kowane tebur shi kaɗai a cikin umarnin:

SELECT d.suna,
(SELECT COUNT(*) FROM biya b WHERE b.dalibi_id = d.id) AS yawan_biya,
(SELECT COUNT(*) FROM fashi f WHERE f.dalibi_id = d.id) AS yawan_fashi
FROM dalibai d;

Yaron da bai taɓa fashi ba zai fito da 0. Ka tabbata akwai fihirisa (index) a kan dalibi_id a duka tebur biyun, domin idan babu, injin zai riƙa bin tebur daga farko har ƙarshe saboda kowane ɗalibi.

Hajiya ta Sabon Gari:
Idan ba ka son rushe abin da ka riga ka rubuta, ka mayar da ƙirgen ya zama COUNT(DISTINCT b.id) da COUNT(DISTINCT f.id), wato a ƙirga kowace lamba sau ɗaya kawai, lissafin zai daidaita. Ka kuma guji COUNT(*) tare da LEFT JOIN, saboda zai ba yaron da ba a biya masa ko sau ɗaya ba aƙalla 1 maimakon 0.

Malam na Samaru:
Hajiya, gaskiya ne DISTINCT zai gyara ƙirgen, amma ba zan ba shi shawarar dogara da shi ba, domin layuka 15 ɗin nan suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Ranar da shugabar ta nemi jimillar kuɗin, SUM zai ninka kowane biya sau 5, kuma idan aka gudu zuwa SUM(DISTINCT), mahaifin da ya biya naira 20,000 sau biyu za a rubuta masa 20,000 kacal, a aika masa da takardar bashin da bai ci ba. Wannan haƙƙin mutane ne, bai kamata a yi sakaci da shi ba. Idan ana son ƙirge da jimilla tare, a fara tattara biya da GROUP BY dalibi_id, a tattara fashi haka nan, sannan a haɗa sakamakon da dalibai, a sa COALESCE domin NULL, wato gurbin da babu komai, ya koma 0. WITH yana sa rubutun ya fi tsabta, sai dai MySQL bai karɓe shi ba sai daga sigar 8.0, wadda ta fito a 2018.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri. Umarnin Malam ya ba yaron 3 da 5 kamar yadda rajista ta nuna. Namu 5.7 ne, don haka zan rubuta jimillar kuɗin ba tare da WITH ba, in sa tattarawar a cikin FROM.