Neman shawara: in kwaso iyalina daga Italiya kafin 31 ga wata, ko in jira zaɓe? (Oktoba 2019)

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Shekara 12 na yi a Brescia, can na samu fasfo ɗin Italiya, ina aiki a kamfanin ƙarfe har aka rufe sashenmu, shi ne a 2017 wani ɗan garinmu ya ce in zo Manchester akwai aikin dare a sito, na zo na yi wata huɗu ina kwana a falonsa, daga baya muka ɗan samu saɓani kan kuɗin wuta amma wannan ya wuce. Maman yara da yara uku suna can. Yanzu saura kwana shida 31 ga Oktoba, ranar da aka sa Birtaniya za ta fita daga Tarayyar Turai, wato Brexit. Firaminista Boris Johnson da ya ce gara a tsinci gawarsa a kwata da ya roƙi ƙarin lokaci, ga shi Asabar ɗin da ta wuce dole ta sa ya aika wa Turai wasiƙar, ko hannu bai sa ba. Jiya kuma wai a yi zaɓe 12 ga Disamba. In sayi tikiti su taho satin nan ko in bari a ga ƙarshen rikicin? Ko barci ba na iya yi.

Alhaji Mai Shago: Kwantar da hankalinka ƙanena, ba inda za su je. Shekara 26 ina ƙasar nan. An ce 29 ga Maris, ta wuce, an ce 12 ga Afrilu, ta wuce. Sau uku majalisa ta yi fatali da yarjejeniyar fitar da tsohuwar firaminista Theresa May ta ƙulla har kujerar ta gagare ta. Zaɓen ma ba a bakin Boris yake ba, dokar 2011 ta ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun yarda, wato 434 cikin 650, sau biyu ya gwada a Satumba bai kai ko 300 ba. Corbyn, jagoran 'yan adawa, ya ce sai an toshe hanyar fita babu yarjejeniya tukun. Bar yara su ƙarasa karatunsu.

Maman Hanif: Baban Ilham ba ka faɗa mana ba, ita madam fasfo ɗin ina take riƙe da shi? Kuma kai ka cike settled status ɗin, wato izinin zaman da ake ba 'yan Tarayyar Turai? Kyauta ne fa, tuni aka soke fam 65 ɗin. Tunda ba ka kai shekara biyar ba pre-settled, wato na wucin gadi, za su ba ka.

Ɗan Zango: Hmm. Mu masu koren fasfo a 2019 ɗin nan fam 400 a shekara na NHS, wato kuɗin asibiti, kan kowane mutum, ban da kuɗin biza, shekara biyu na yi kafin matata ta shigo. Wasu kuwa kati kawai suke nunawa su wuce. Ni Leave, wato a fita, na zaɓa a ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kuma ban yi nadama ba, kowa ya ɗanɗana.

Maman Hanif: Haba malam, bawan Allah yana cikin damuwa kai kuma ka kawo naka.

Sadiq Leeds: Alhaji a gafarce ni, ranar Talata fa ƙudurin Boris na yarjejeniyar fita ya tsallake karatu na biyu a majalisa, 329 da 299, jadawalin kammala shi cikin kwana uku ne kawai suka ƙi. Kuma har yau Turai ba su faɗi tsawon ƙarin lokacin ba, shugaban Faransa Macron yana jan ƙafa. Ni dai da ni ne gobe zan kwaso su.

Alhaji Mai Shago: Yaro yaushe ka zo? Lokacin da Boris ya rufe majalisa a Satumba na faɗa a shagona kotu za ta soke, ta soke. Mutumin da ya kori 'yan majalisa 21 daga jam'iyyarsa da hannunsa da me zai ci ƙuri'a? Ku rubuta ku ajiye.

Baban Ilham: Na gode. Ban cike ba gaskiya, wayata iPhone ce lokacin da na gwada ta ƙi, kuma ni ba na son in miƙa musu bayanaina alhali ba a san wa zai hau mulki ba. Kwaso su kuma ɗaki ɗaya nake haya, ina zan sa mutum huɗu? Barin su can ɗin ma haya biyu nake biya.

Maman Hanif: To ka ari wayar wani mana, minti nawa ne. Fasfo ɗin madam fa?

Baban Ilham: Wannan dogon zance ne Hajiya, takardunta suna hannun lauya tun bara.

Alhaji Mai Shago: Ka ji ko? Jira Litinin a sake kaɗa ƙuri'ar zaɓen, zai sake faɗuwa.

Sadiq Leeds: In kuma suka bi ta wata hanya fa?

Ɗan Zango: Wai wa ya san nawa ake canjin fam yau?