Shin in mayar da lamunin gidana zuwa wani banki saboda ragin kuɗin ruwa?

Mazaunin Kaduna:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A ƙarshen shekarar 2021 na karɓi lamunin Naira miliyan 9.5 daga wani banki domin cike kuɗin gidan da nake ciki da iyalina, a kan ruwa kashi 18 cikin 100, za a biya cikin shekara 10. A lokacin abin da ake cira daga asusuna kowane wata kimanin Naira 171,000 ne. Tun daga nan saƙon ƙarin ruwa yake shigowa wayata lokaci bayan lokaci, har ya kai kashi 27, abin da ake cira kuma ya haura Naira 210,000, alhali albashina bai motsa yadda ruwan ya motsa ba. Sauran uwar kuɗin da ke kaina miliyan 8 ne da ɗoriya kaɗan, saura shekara 7.

Yanzu wani bankin lamunin gidaje ya yi mini tayin cewa zai biya bankina na farko, bashin ya koma hannunsa a kan kashi 22, kuma ya sabunta mini wa'adi zuwa shekara 10, ta yadda biyan wata zai sauko zuwa kimanin Naira 165,000. Wannan adadin ya kwanta mini ƙwarai, domin kuɗin makarantar yara ya matsa mini. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kafin in sa hannu.

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya same ka ya samu duk wanda lamuninsa ke kan ruwa mai hawa da sauka. Lokacin da ka karɓi bashin, ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kan kashi 11.5 ne, daga watan Mayun 2022 aka fara ɗaga shi, har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, bankuna kuma suka bi sahu.

Na zauna da biro da takarda na yi maka lissafi a kan miliyan 8 cif. Idan ka zauna inda kake a kan kashi 27, za ka riƙa biyan kimanin Naira 213,000 har wata 84, jimla ta tasam ma miliyan 17.9. Idan ka koma kashi 22 amma ka bar wa'adin a shekara 7 ɗin da ta rage, biyan wata zai zama kimanin 187,000, jimla miliyan 15.7. Amma tayin da aka yi maka na shekara 10, wanda ya kwanta maka a rai, jimlarsa miliyan 19.8 ce. Wato an rage maka ruwa da kashi 5, duk da haka za ka biya kusan miliyan 2 fiye da wanda bai motsa ko'ina ba, saboda shekara 3 da aka ƙara maka su ma da ruwansu suke tafe.

Saboda haka a ganina komawar tana da riba ne kawai idan ka ƙi ƙarin wa'adin. Ko a hakan ma ragin da za ka samu bai wuce Naira 25,000 zuwa 26,000 a wata ba, sai ka auna shi da abin da ƙaurar za ta ci. Mu ɗauka ta ci 600,000. Ka ga sai bayan kusan shekara 2 za ka fara ganin amfanin. Sannan ka tambaye su a rubuce ko kashi 22 ɗin tsayayye ne har ƙarshen wa'adi, domin idan shi ma mai hawa da sauka ne, ba abin da zai hana saƙon da ke damun ka ya biyo ka can.

Lauya daga Zariya:

Ina goyon bayan lissafin Baba Akawu, sai dai ina ganin ya yi wa kuɗin ƙaurar sauƙi. Takardar mallakar gidanka tana jingine a hannun banki na farko, kuma ba za ta fito ba sai an biya shi tas, an rubuta takardar sakin jingina, an yi mata rajista a hukumar filaye ta jiha, wadda a Kaduna ita ce KADGIS. Daga nan sai a ƙulla sabuwar jingina da banki na biyu, ita kuma bisa sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 tana buƙatar amincewar gwamna. Akwai kuɗin wannan amincewar, da kuɗin kan sarki, da na rajista, da na lauya, da na mai kimanta darajar gida, da sabuwar inshorar gobara da ta rai, ban da kason da banki ke yanka tun farko da sunan kula da lamuni. Na sha ganin mutum ya zo ofishina da murna riƙe da takardar tayi, sai da muka bi layi-layi da yatsa ya ga abin da za a cire kafin a biya masa ko sisi.

Ka ɗauko tsohuwar takardar tayinka ta 2021, ka nemi sakin layin da ya yi magana a kan biya kafin cikar wa'adi, domin wasu bankuna suna ɗora tara a kai. Shawarata kuma ita ce kafin ka je ko'ina, ka rubuta wa bankinka wasiƙa, ka haɗa da kwafin sabon tayin, ka nemi su rage maka ruwa. Wanda ya shekara 3 yana biya ba fashi yana da bakin magana, kuma ragin kashi 2 ko 3 a inda kake ba ya buƙatar taɓa takardar gida ko kaɗan.

Malama Ma'aikaciyar Jinya:

Yallaɓai, ni na samu nawa lamunin ne ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Ana cire mini kashi 2.5 na albashi kowane wata, ruwan lamunin kuma kashi 6 ne, wa'adi yana iya kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarun aikin da suka rage wa mutum. Na jira fiye da shekara kafin kuɗin su fito, amma tun da suka fito adadin da nake biya bai canza ba. An tsara lamunin asusun ne domin gini ko saye ko gyaran gida, don haka na faɗe shi musamman saboda masu karatu da ba su riga sun saya ba. Haka kuma tun 2022 hukumar fansho ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 na ajiyarsa wajen biyan kason farko na sayen gida, idan ya shekara 5 yana zubi. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da ruwa ba, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da tsare-tsaren mallakar gida marasa ruwa, amma su ma a nemi jimlar abin da za a biya a rubuce.

Mazaunin Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Akawu, gaskiya ban taɓa ninka 165,000 sau 120 ba sai da na karanta amsarka, na yi a waya sau biyu. Na duba tsohuwar takardar kamar yadda Barista ya ce, kuma akwai tarar kashi 2 a kan ragowar bashi, wato kimanin Naira 160,000 kafin a zo kan sauran kuɗaɗen. Ranar Litinin, in sha Allahu, zan kai wasiƙar neman ragi, sannan in nemi banki na biyu ya sake mini tayi a kan shekara 7, ya kuma rubuta ko ruwan tsayayye ne.