Kunnena ya ƙi daina ƙara bayan aiki, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin lafiyar kunne ku taimaka min.

Aikin walda nake yi, injin yankan ƙarfe kullum yana dab da kaina. A da, in na tashi aiki kunnena kan yi "ziii" na ɗan lokaci ya lafa. Yanzu ya ƙi tafiya, musamman da dare in ko'ina ya yi tsit. Na san ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana cutar da ji in ana shafe awa 8 a cikinta kullum, injin nan kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Abin tsoron, ƙwayoyin cikin kunne masu kama sauti in sun mutu ba sa dawowa.

Na sayi soson toshe kunne. Nakan murza shi ya sirance, in ja kunnen sama in cusa, amma da gumi ya keto sai ya zame. In kuma ya zauna daram, ba na jin abokin aiki in ya kira ni, wannan ma haɗari ne.

Shin in ƙara da wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya? Kuma wannan ƙarar tana warkewa, ko sai na je asibiti an gwada jina?