Neman kalma: me za mu ce wa "takeover" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu Hausa a baki ku matso kusa. Tun shekaranjiya nake fama da kalma ɗaya, takeover, wato kamfani ya sayi wani kamfanin har ya koma shi ke juya shi. Ina rubuta wa ƙannena 'yan gem labarin wasu kantunan sayar da wasannin bidiyo ne na Birtaniya, da na zo kan kalmar nan sai na tsaya cak, kuma wallahi ba na so in rubuta "tekoba" in wuce kamar ba mu da harshe.

Bari in ba ku labarin tukuna don ku ga irin kalmar da nake nema. A da akwai manyan kantunan gem guda biyu a can, Game da Gamestation. Shi Gamestation a garin York ya faro a 1993, daga baya Blockbuster masu ba da hayar finafinai suka saye shi a 2002. A garuruwa da yawa za ka tarar da su biyun ba nisa tsakaninsu, yaro in ya gama buga faifansa na PlayStation ya gaji da shi sai ya ɗauka ya shiga wannan ya ji nawa za su ba shi, ya fito ya leƙa wancan shi ma ya ji, wanda tayinsa ya fi tsoka ya miƙa masa ya yi ciko ya karɓi sabo. To a watan Mayun 2007 sai Game ya sayi Gamestation daga hannun Blockbuster a kan fam miliyan 74, shaguna 217. Ga inda kalmar ta ba ni wuya: ba a sauke allon suna ba. Gamestation na nan da sunansa, Game na nan da nasa, yaron nan yana ta zirga-zirga tsakanin shago biyu yana ganin ciniki yake ja, alhali kuɗin duk aljihu ɗaya suke shiga. Kalmar da za ta ɗauki wannan nake so.

Malam na ga amsarka, ka ce ai saye ne kawai a daina wahalar da kai. Gaskiya ne saye aka yi, amma saye ya yi faɗi da yawa Malam, mudun gero ma saye ne. Kuma mutum kan sayi hannun jari a kamfani ba tare da ya zama shi ke da ta cewa ba. Misali na nan a kan Game ɗin kansa: a 2017 Sports Direct na attajirin nan Mike Ashley ya sayi kusan kashi 26 cikin 100 na kamfanin, wannan saye ne amma ba takeover ba ne. Sai a 2019 da kasonsa ya haura kashi 30, wanda a ƙa'idarsu in ka kai nan dole ka yi wa sauran masu hannun jari tayin sayen nasu, sannan ya kwashe kamfanin gaba ɗaya a kan kimanin fam miliyan 52. In muka kira duka biyun saye mai karatu ba zai ga bambancin 2017 da 2019 ba.

Masu cewa haɗewa ko haɗaka, a'a, wannan a bar wa merger, inda biyu suka zama ɗaya da yardar juna. Masu mamaya da ƙwace su ma ban bi su ba, akwai ƙarfin tuwo a ciki, su kuwa Blockbuster da kansu suka sayar suka ƙirga kuɗinsu.

Wani ɗan'uwa ya kawo karɓe ragama, nan kam an fara zuwa. Matsalarta dai kunnenmu ya saba jin ta a rediyo in sojoji sun yi juyin mulki ko an naɗa sabon koci, ba ka jin ƙamshin kuɗi a cikinta sam.

Hajiya ke kuma kin ce haɗiye, babban kifi ya haɗiye ƙarami. Wallahi kalmar nan ta yi min daɗi a baki kuma na daɗe ina juya ta, sai dai ina ga ba ta 2007 ba ce, ta 2012 ce. Abin da aka haɗiye ai ba a ƙara ganinsa, shi kuwa Gamestation shekara biyar ya yi yana tsaye da sunansa bayan cinikin. A watan Maris 2012 bashi ya yi wa Game katutu har wasu manyan masu yin gem suka daina ba shi kaya, aka damƙa shi hannun akantoci, aka rufe shaguna 277 sama da mutum 2,000 suka rasa aiki, wani kamfanin zuba jari OpCapita ya sayi 333 da suka rage, kuma cikin shekarar aka sanar cewa an yi ritayar sunan Gamestation duk shaguna su koma Game. To ranar aka haɗiye shi Hajiya. Don haka kalmarki na riƙe ta amma a wannan gurbin zan sa ta.

Babakere da kane-kane da wasu suka turo, su ba sunan cinikin ba ne, sunan abin da ake tsoron cinikin zai haifar ne. Kuma shi hukuma ta bincika. Ofishin kula da adalcin ciniki na ƙasar a wancan lokacin, OFT, ya tura maganar gaban hukumar da ke duba gogayyar kasuwa a watan Agustan 2007, damuwar ta fi yawa a kan gem na hannu da kuma kuɗin da ake ba wanda ya kawo tsohon faifai, don a nan ne su biyun suka fi goga kafaɗa. A Janairun 2008 hukumar ta ce cinikin ya wuce, hujjarta ita ce mai saye yana da wasu ƙofofin, ga manyan kantuna irin su Tesco da Asda, ga HMV da Woolworths, ga intanet su Amazon da eBay. Ni dai har yau hujjar nan ba ta gama kwanta min ba a ɓangaren tsohon faifai, saboda ɗan shekara goma sha uku da ba shi da katin banki ba eBay zai je ba, ƙafarsa ce jarinsa, inda zai iya takawa da faifai a aljihu nan ne kasuwarsa, kuma shago biyun da yake haɗa su ciniki sun koma na mutum ɗaya. Shi Woolworths ɗin ma kafin shekara ta zagayo sosai ya durƙushe, zuwa farkon 2009 duk shagunansa sun rufe.

Tunda mun taɓo ta, competition ɗin kasuwa ni gogayya zan ce ba gasa ba. Gasa tana da alƙali da kofi da ranar gamawa, gogayya kuwa kullum ce, kai da maƙwabcin shagonka kuna kallon farashin juna. Sai high street, don Allah kar a ce babban titi, duk wanda ya ji babban titi hanyar Kano zuwa Zariya zai hango da tireloli. Abin da suke nufi layin nan ne na tsakiyar gari da kantuna suka jeru mutane na yawo da ƙafa suna leƙe-leƙe, mu kuwa a kasuwa dama da layi muke magana. Layin kantuna ya wadatar.

Yaya, Allah ya saka da alheri, kai ka warware ta da ka ce me zai hana a ɗauko saye ɗin Malam a haɗa da ragamar ɗan'uwan can: sayen ragama. Na yi ta maimaita ta tun ɗazu kuma ta zauna. In ka sayi doki a kara ragama ake miƙo maka, dokin bai canja kama ba bai canja suna ba, wanda ya san shi jiya zai gane shi yau, amma inda mai riƙe da ragamar ya ja nan zai bi. Ga kuɗi a ciki ga iko a ciki, kuma ba ta ce an kashe wanda aka saya ba. Tana lanƙwasuwa ma, a ce ya sayi ragamar kamfanin, ana shirin sayen ragamarsa, in kuma shugabannin kamfanin ba sa so aka bi ta kan masu hannun jari aka saya, sai a ce sayen ragama na ƙarfa-ƙarfa.

Ga jimlar yadda zan sa ta, ku duba min ko akwai inda ta yi tuntuɓe: "A 2007 Game ya sayi ragamar Gamestation, abin da ya rage gogayya a layin kantuna, kafin ya haɗiye shi gaba ɗaya a 2012."

Saura guda ɗaya da zan buƙata a sakin layi na gaba, trade-in, kai tsoho a yi masa kuɗi ka cika ka karɓi sabo, don a 2024 Game ya daina karɓar tsofaffin faifai kwata-kwata kuma dole in faɗi wannan. Wani dattijo ya tuna min da furfure, amma furfure a sanina kaya da kaya ne ba ciko. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da ke nan, ku da kuke yin abin nan kullum, canji da ciko kuke cewa ko akwai wata da ta fi ta?