Musayar Waƙa: Akawal na Kasuwar Kara

Ɗan Runjin Sambo: Salamu alaikum. Barci ya ƙi zo min kan wani akawal, wato baƙin doki, ga dalili:

Na ga akawal cikin Kara jiya,
Geza ta kwanta luf bisa wuya,
Tukku ga goshi, ga doguwar wutsiya,
Tana sharar ƙasa awa tsintsiya,
Ko nawa anka ce, ni kau ni biya.

Baba Zagi na Kanwuri:

Ɗana, geza ado ta, ba ta sukuwa,
Mai sayen doki ƙasa shi ka dubawa,
Ɗaga kofato ka ga ko da tsagewa,
Shinshina tsakiyatai ko da ruɓewa,
Shafa agara, in ka ji kumburawa,
Bar musu abinsu, kak ka yi tayawa.

Na daɗe gaban doki ga hawan Salla. Duk wanda munka yi hasara, ƙafa ta ci amanatai.

Ɗan Runjin Sambo:

Baba, da ka ga cikar kuturi,
Ga cinya, ga ƙirji mai kauri,
Dillali ya ce yaro na, sabon ɗauri,
Shekara huɗu cif, ga shi da sauri.

Baba Zagi na Kanwuri: To, yanzu ka faɗi abin kirki. Daga kuturi da cinya gudu ka tasowa, ƙirji kau gidan numfashi na. Dawakin lifidi irin waɗanda sunka tsaya tare da Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Giginya da Turawa a 1903, ƙirji da kwiɓi da kuturi aka rufe musu. Amma rantsuwar dillali? Hmm.

Ɗalibar Likitan Dabbobi, Jami'ar Ɗanfodiyo: Baba, a yi min izini in sa baki.

Yaya, bar dillali, ka buɗe baki,
Haƙori ka faɗin shekarun doki,
Na nono ƙanana, farare, ba su sha aiki,
In sun faɗi manya su ɗau matsayi ciki,
In sun miƙe gaba, sun yi tsawon mamaki,
Tsoho na, ko an shafe shi da mai duk jiki.

Haƙoran gaba na tsakiya suna canzawa wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su 3 da rabi, na gefe 4 da rabi. Ɗan shekara 4 dole ka tarar da na nono a gefe. Cikakken ingarma haƙora 40 gare shi, goɗiya galibi 36, don ba kasafai take da fiƙa ba.

Baba Zagi na Kanwuri: Madalla, ɗiyata. To amsa min wagga:

Wane wuri na cikin baki ba haƙori,
Inda ƙarfe ka kwanci ba shi da tsari?

Ɗalibar Likitan Dabbobi:

Dasashi ne, tsakanin na gaba da turami,
Nan ne mazaunin linzami,
Mai fizgar kamazuru ba ilimi,
Shi ke mai da wurin nan miki mai tsami.

Ni ma ga tawa, Baba. Abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, a ƙashi daidai yake da wuyan hannun mutum. Kofato kuwa farcen yatsa ɗaya ne, kuma yakan ɗauki kusan shekara kafin ya sake sabo daga sama har ƙasa.

Baba Zagi na Kanwuri: Wato bisa yatsa guda anka yi ta zamiya gaban Sarki? Ikon Allah. Ni dai gwiwa ni ka ce mata har in mutu.

Gwaggo ta Mabera: Kun cika shi da ƙashi da haƙori, ba wanda ya yi zancen ciki.

Ɗan nan, haƙarƙari ba shi ɓoye yunwa,
In babu dusa da gero da harawa,
Da ɗan jiƙon kanwa ranar shayarwa,
Goma sha takwas ka ƙirga ba taɓawa.
Ka bar zuwa ta bayansa ba sanarwa,
Idonsa na gefe, can ba shi hangowa,
In kunnuwa sun kwanta, sai gujewa,
Na ga wanda ya sha shuri har da sumewa.

Ɗan Runjin Sambo: Jama'a, mun koma Kara da Baba da safe.

Mun ɗaga leɓe, haƙora sun yi tsini gaba,
Dillali ya juya kamar bai san mu ba,
Agarar hagu da zafi, Baba ya taɓa,
Gezar dai na nan, ba ta rage kyau ba.

Wa ya san inda aka da kili ko bidi na sayarwa kafin babbar Salla?

Baba Zagi na Kanwuri: Akwai wani hurde wajen Gwadabawa, gezatai duk akuya ta cinye. Zo da goro da kuɗin mota ranar Assabar.