Muhawara: Yaushe Ya Fi Dacewa a Je Gonakin Inabi na Kudan?

Zauren manoman lambu na Zamfara na shirin tafiya da mota zuwa gonakin inabi na Ƙaramar Hukumar Kudan, Jihar Kaduna. Shugaban zaure ya ce: "Janairu za mu tafi, lokacin ɗiba. Wanda ya je kafin nan bai ga komai ba."

Malamin gona, Talata Mafara:
Ranka ya daɗe, ban yarda ba. In koyo munka nufa, to ƙarshen damina za a je, wajen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ake datse rassa domin 'ya'ya. Daga datsa zuwa nuna kusan wata 4 ne, ke nan wanda ya je Janairu sakamako kawai zai gani, aikin ya riga ya wuce. Ido nawa, wato wurin da tsiro ke fitowa, ake bari ga reshe, yadda ake ɗaure shi ga wayar rumfa, wane reshe ake jefarwa, duk sai ka tsaya kusa da mai almakashi.

Dillalin kayan marmari, Gusau:
Malam, manomin da bai san kasuwa ba wa zai sayar wa? Lokacin ɗiba ne ake ganin masu saye da yadda ake ciniki a bakin gona. Inabin Kudan na ci ne, ba irin na Faransa da ake matsewa a yi giya ba, don haka kyan nonon inabin da zaƙinsa su ne kuɗin. Kuma inabi ba ya ƙara nuna bayan an cire shi. Sai mutum ya ɗanɗana a gindi ya gane wanda ya isa.

Direba, tashar Gusau:
Ni hanya ce tawa. Gusau, Tsafe, Funtua, Giwa, Samaru, Zariya, kusan kilomita 180, sannan a yi arewa zuwa Hunƙuyi, hedikwatar Kudan. Motar da ke cin lita 1 a kilomita 10 tana son lita 45 zuwa da dawowa, har da yawon gonaki. A tashi bayan gari ya waye sosai, a bi ayari, kuma kada la'asar ta same mu tsakanin Funtua da Tsafe, kowa ya san halin tsaro. A kwana Zariya. Satumba hanyoyin gona laka ce, ƙaramar mota za ta kafe. Janairu kuma hazo na rufe ido da safe. Laka ta fi ba ni tsoro.

Hajiya mai lambu, Bakalori:
Alhaji direba, tsakiyar Oktoba ruwa ya ɗauke ai. Ina bayan Malam, saboda iri. Inabi da reshe ake dasa shi, kuma reshen daga datsa yake fitowa. A zaɓi wanda ya ƙosa, launin ƙasa-ƙasa, kaurin fensir, mai ido 3 ko 4. A yanke gindin a miƙe, saman a karkace, don in anka dasa shi kai ƙasa ba zai yi ba. A naɗe cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, a sa shi cikin mota inda akwai inuwa. But ɗin mota mai zafi na busar da shi tun kafin Funtua. In an iso a sa a leda da ƙasa mai yashi, a kula da gara.

Dillalin kayan marmari, Gusau:
Hajiya, na ji batun iri. Amma masu son sayen kaya fa?

Malamin gona, Talata Mafara:
Mutum 2 sun isa wannan, Alhaji, su koma Janairu da kwanduna marasa zurfi, su ɗiba da sanyin safiya, kada su wanke shi. Ayarin koyo ya tafi Oktoba. Lokacin ne ma ake iya tarar da ciwon damina ga ganye, tabo kamar na mai a sama, farin gari a ƙasa, a tambayi maganin da suke fesawa. Kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na kan hanyarmu. A aika musu takarda tun yanzu, a sa tafiyar ranar aiki.